Sunayen Yaya Hadiza Biyu

Shekara bakwai ke nan, amma har yau in na ji warin maganin goge daɓe haɗe da hayaƙin janareta sai ranar ta dawo mini sabuwa. Warin da ya cika barandar ƙaramin asibitin yankinmu na Kiru ke nan, da la'asar ɗin da yayata Hadiza ta haifi Maryam, ta tafi ta bar mana ita.

Lokacin ina ajin ƙarshe a sakandare. Yaya ce ke karanta 'yan waƙoƙin da nake rubutawa a bayan littafin darasi, tana dariya tana cewa, "Ke dai Safiya, gajimare ma sai kin yi masa kuka." In ta zo gida Ɗansoshiya sai ta ɗauki littafin ta tafi da shi Badafi, garin mijinta, ta dawo da shi da tabon miya.

Cikinta na fari ya zube, ta zubar da jini sosai. Da ta samu na biyu ta fara zuwa awo, aka buɗe mata fayil a kwamfuta da sunan Hadiza Isa, Ɗansoshiya, aka ba ta kati mai lamba. A fayil ɗin ungozoma ta rubuta cewa kada a karɓi haihuwarta a nan, da naƙuda ta fara a wuce da ita babban asibiti inda akwai jini.

Sai dai a gidan mijinta ba a kiranta Hadiza, domin sunan surukarta ne. Ummi ake ce mata. Ranar naƙudar an nemi katin an rasa. Ungozomar da ta san ta ba ta bakin aiki. Mai rajista ya tambayi suna, Malam Buba mijinta ya dubi mahaifiyarsa da ke tsaye a gefensa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ummi Buba, Badafi." Ba ƙarya ya yi ba, kunya ce irin wadda aka rene mu da ita. Manhajar kwamfutar asibitin kuwa an gina ta ne yadda duk haihuwar da za a shigar babu lambar kati, sai ta ƙirƙiri sabuwar uwa ta liƙa mata, ba tare da ta duba ko matar tana ciki ba. Aka samu fayil fari fes, babu gargaɗi ko ɗaya. Aka karɓi haihuwar a nan, jini ya ɓalle mata. Kafin a samo motar da za ta kai ta gari, jini ya ƙare.

Ajali ne, na sani, kuma na yarda. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yau aikina ke nan, rubuta irin waɗannan manhajoji. Duk inda za a shigar da jariri, nakan sa manhaja ta nemi uwar tukuna, da lambar kati ko ta waya, da sunan gida da na gidan miji, da sunan uba. In ta ga mai kama, ta nuna wa ma'aikaci ya tambaya. Sai an rasa sannan a buɗe sabo. Layuka kaɗan ne, ba su kai baitin waƙa biyu ba. Abokan aiki sukan ce na cika naci.

Nakan yi tunanin abin da Yaya za ta ce da ta ga wannan zamani da kowa ke da lamba. Ina jin dariya za ta yi: "Allah ya yi ni ɗaya, ku kun raba ni biyu, kuka bar mai maganar a gida." Za ta so ganin Maryam, wadda ta shiga aji biyu bana, mai wushirya irin tata, mai son a karanta mata abu ko ba ta gane ba. Abin da ya rage mana na Yaya ke nan, shi da dariyar nan da ba ta shiga fayil ko ɗaya ba.

Bara Inna ta sa ni kwashe tsofaffin littattafaina saboda gara. Na buɗe wancan mai tabon miya, wanda Yaya ta maido mini kwana uku kafin naƙudarta, ban kuma sake taɓa shi ba tun rasuwarta. A shafin waƙar da na rubuta wa cikinta, wani abu ya zame ya faɗo a cinyata. Katin asibitin ne. Da shi ta sa alamar inda ta tsaya.