Ruwanku Zaƙi Ne Ko Zartsi?

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in faɗi wani abu a kan kakata wanda ba haka yake ba, alhali ba ta nan balle ta gyara mini. Abin da ya tunzura ni wata tsohuwar igiyar guga ce da na ciro a bayan rumbu ran nan. Yayyafi ya taɓa ta, warin jiƙaƙƙiyar kaba ya bugi hancina, na tsaya riƙe da ita kamar wadda aka kira sunanta.

A wani ƙauye kusa da Ɗanzomo na tashi, a hannun kakata ta wajen uba. Sana'arta daddawa ce kawai, amma babu suna ko biki a ƙauyukan nan da ba a aiko mata da goro. Ni ce mai ɗaukar mata tabarma. Yarinya ce ni mai nauyin baki. In aka gama "ina kwana" da "ina gajiya", nawa ya ƙare, sai wasa da bakin zane.

Ita kuwa duk gidan da ta shiga, bayan gaisuwa, sai ta duba matar da ta fi kowa yin shiru. Ta ja tabarma kusa da ita, ta gyara zama, ta ce, "'Yar'uwa, ruwanku zaƙi ne ko zartsi?" Daga nan magana ta kama hanya. Rijiyar gaba nawa ce, da hannu ake ja ko da raƙumi, sabulu yana kumfa ko ba ya yi, takan ja baya da bazara ko tana riƙewa. Kafin a kawo fura sun gano wani dangi da ya haɗa su.

Wanda na fi tunawa wani suna ne da aka yi lokacin girbi, karan gero jibge a ƙofar gida, tsakar gidan duk ƙamshin tafasasshen nama. A shekarar shanun wata ruga sun yi ɓarna a gonaki, har da waken mahaifina. Wata Bafulatana daga rugar ta zo barka, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki, matan gari kowa ya ba ta baya. Sai ga kakata ta nufe ta da tambayar nan.

Matar ta kalle ta sama da ƙasa. "Inna, rijiyarmu kika zo aunawa, ko zancen wake za ki tayar?"

"Waken ai ya riga ya zama nono," in ji kakata. "In kin kawo sai mu sha. Ni ruwan nake tambaya."

Matar ta rufe baki da mayafi tana dariya. Sannan ta ce rijiyarsu ta rufta tun tsakiyar damina, shi ya sa mazansu suke koro shanu ta gefen gonakinmu zuwa tafki. Babu wanda ya san haka a cikin gidan. Na ga matan da suka juya baya suna juyowa ɗaya bayan ɗaya. Ban san abin da maza suka yi da labarin ba, kuma ba zan ƙirƙira ba. Na dai san ƙwaryar nononta ta daɗe tana sauka a ƙofarmu.

A hanyar komawa na tambaye ta me ya sa kullum rijiya. Ta ce, "In na tambayi miji, wataƙila ya rasu ko ya sake ta. In na tambayi 'ya'ya, wataƙila Allah bai ba ta ba. Amma ba wadda ba ta shan ruwa, kuma ba wadda ba ta da ƙorafi a kansa."

Yanzu a Maigatari nake aure, ina cikin matan da ke gyaran zoɓo. Bara suka tura ni taron mata masu sana'ar zoɓo a Gumel, don ni ce mai iya rubutu. Abin da suka ɗora mini ɗaya ne: in samo wata ƙungiyar da za mu riƙa haɗa kaya da ita, don mai saye ba ya kawo mota saboda ɗan abin da muke tarawa mu kaɗai. Kwana na yi ina bitar gaisuwa. A zauren na zauna kusa da wata matashiya da ke ta danna waya. Na yi bisimilla a zuci na jefa mata tambayar kakata.

"Mama, famfon sola muke sha," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Wa yake ɗanɗana ruwa yanzu?"

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Sai wani yatsa ya taɓa kafaɗata daga baya. Wata dattijuwa ce mai koren mayafi, da tsohon tabon igiya a tafin hannunta.

"Namu zartsi ne, 'yata, ko wake ba ya nuna da shi. Wa ya koya miki wannan tambayar?"

Kafin in buɗe baki lasifika ta ɗauka, aka raba mu rukuni-rukuni, ita ta bi na matan Gagarawa da Sule Tankarkar. Ban sake ganinta ba. Na koma gida hannu banza. Matanmu ba su yi mini faɗa ba, wannan ya fi damuna. Sun ce in sake gwadawa a taron da za a yi kafin ɗibar zoɓon bana, in bai yiwu ba a tura wata.

Tun daga nan nake ta tunani. Shin kakata ce ta ƙago tambayar, ko al'adar matan zamaninsu ce? In al'ada ce, me ya gaje ta? Na gwada zancen tsadar kaya, sai na ga yana ɓata wa mutane rai. Zancen wuta kuwa, mu ba mu da ita balle a ɗauke.

Don haka ina roƙon masu karatu abu biyu. Wanda ya san tambayar da ake buɗe hira da ita yau, wadda ba ta taɓa ciwon kowa, ya taimaka ya sanar da ni. Sannan duk wanda ya san wata dattijuwa ta wajen Gagarawa ko Sule Tankarkar, mai sana'ar zoɓo, wadda ruwan garinsu ba ya dafa wake, ya gaya mata kakata ce ta koya mini. Zan zo taron bana da wuri, zan riƙe mata kujera kusa da tawa. Har yanzu ban ji rijiyar tasu gaba nawa ce ba.