Sitt Widad, tafintar da ta ƙi mayar da ban haƙuri amsa laifi

Kullum da safe Sitt Widad Rimawi, wadda ake wa laƙabi da Umm Fadi, wato uwar Fadi, takan sauka daga bas a ƙofar kotunmu a Amman, da burodin riɗi a jaka, ta zauna a benci tana jiran kira. Tafinta ce: baƙi 'yan aikin gida su yi Turanci, ita ta mayar wa alƙali da Larabci. A bencin nan ta yi furfura. Bana aka daina kiranta, ba sallama, ba godiya, kuma mu ma'aikatan kotun mun san dalili.

Wata 'yar Uganda ce, Nakato, uwar ɗakinta ta ce ta sace mata sarƙa. Yarinyar tana kuka ta dubi matar, ta roƙi yafiya idan ta yi "offend" ɗinta. Lauyan matar ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ta amsa laifi. Kalmar nan karya doka take nufi."

"Wani lokacin," in ji Sitt Widad. "Amma in mutum aka yi wa, ɓata masa rai ne. Asalinta ma a Latin tuntuɓe ne, ka yi karo da abu. Haƙuri take bayarwa."

Lauyan ya matso ya rage murya, ina kusa na ji. "Umm Fadi, ni ma na yi makaranta, na sani. Fassara yadda na ce. Ko kin gaji da aikin ne?"

"Ustaz, bakin yarinyar aka ba ni aro, ba naka ba."

Alƙali ya sallami Nakato, ta koma ƙasarsu. Shi kuwa lauyan ya bi ofis-ofis yana cewa Widad ta ci masa fuska, ta tsufa, kunnenta ya yi nauyi. Kuma aka saurare shi. Wannan ke ƙona min rai: mutumin da ya so kulle 'yar mutane da gangan, shi ne wai aka ɓata wa rai, shi ake lallashi.

Umm Fadi, ke ce bakin marasa baki. Ke ce kika zauna da mata a ɗakin tsaro, kina maimaita musu tambaya har su gane kafin su amsa. Ba ki taɓa ƙara wa maganar wani gishiri ba, ba ki rage ba.

Mun gode, Allah ya saka miki. Ku kuma matasan da aka ba wa bencinta, wata rana wani mai kwat zai matso ya rage muku murya. Ku faɗi abin da aka faɗa.