Jan biron Baba

Jiya ina zaune a gefen tabarmar Baba a gidanmu na Fadaman Mada a Bauchi, sai saƙon 'yata Ummi ya shigo wayarsa daga jami'a. Idonsa ya yi rauni yanzu, ni ce mai karanta masa.

Ina dubawa raina ya ɓaci. Layi uku kacal na Turanci, amma kalmomin nan masu sauti iri ɗaya duk ta cakuɗa su. Wai jikar mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koyar da Turanci ke nan.

Sanda nake makarantar kwana, in na rubuto wa Baba wasiƙa, sai ta dawo min cikin ambulan ɗin amsarsa, ya zagaye kowane kuskure da jan biro. Na sha yin kuka a bayan aji, ina cewa shi ko gaisuwar ma bai gani ba.

Na karanta masa saƙon, na ce, "Baba, da za ka ga ɓarnar da ta yi, da ka nemi jan bironka."

Ya ce, "Sake karanta min."

Na sake. Ya yi murmushi.

"Hadiza, taki wasiƙar ma sai na karanta sau uku kafin in ɗauki biro. Biyun farko na uba ne, na ukun ne na malami."

Duk shekarun nan, na ukun kaɗai na sani.

A cikinku akwai wanda aka taɓa mayar wa da wasiƙarsa?