Ranar da na kai Inna hubbare

Sau biyu tayar motarmu na nutsewa cikin yashi, can bayan Argungu. Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba, Inna ta nace sai na kai ta wani tsohon hubbare tsakiyar daji.

Da muka isa, 'yar katangar laka ce kawai.

Na ce, "Inna, don wanga muka baro Birnin Kebbi?"

Ta ce, "Da ƙafa niz zo nan, kana goye, zazzaɓi na shirin kashe ka. Nan nir roƙi Allah Ya bar min kai. Yau godiya niz zo yi."

Sai na cire takalmina, na durƙusa gefenta.

Kun taɓa tambayar iyayenku inda suka yi kuka dominku?