Goran Kawu

Ni ne ɗan farin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kira sunana ba, ban kuma taɓa jin ta yi mini magana kai tsaye ba. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma a duk garinmu Sara, a ƙasar Gwaram, ban ga matar da ta kai ta riƙe wannan al'ada ba. In ta sauke tuwo sai ta dubi bango ta ce, "A gaya wa yaron nan abinci na hucewa," alhali ga ni zaune a gabanta. Ban taɓa jin haushi ba, don tsokar da ta fi girma kullum a kwanona take faɗawa.

Abu ɗaya ne ba ta wasa da shi, shi ne ruwa. Ƙanenta, Kawuna, kogi ne ya cinye shi wata damina kafin a haife ni. Yana da babban gora irin wanda ake rungumewa a tsallake kogi, amma ran nan sauri ya sa ya bar shi a gida. Tun daga nan goran yake rataye a ɗakin Inna, babu mai taɓa shi. Ni kuwa ko kududdufin bayan gari aka gan ni, sai na sha bulala a hannun Gwaggo, yayar Baba, wadda ita ce bakin Inna a kaina.

To sai ga wannan yaro, da ko iyo bai iya ba, ya gama sakandare a Birnin Kudu, ya samu jami'a a Legas, kuma cikin darussan farko da aka rubuta masa har da ilimin teku. Lokacin man fetur ne ke tashe, kowa na cewa arzikin ƙasa a ƙarƙashin ruwa yake. Baba ya yi murna. Daga baya Gwaggo ta kawo mini hukuncin Inna: in karanta ruwa a takarda yadda nake so, amma kada ƙafata ta shiga sai rani, in ya janye.

Na ce, "Gwaggo, ai teku ba ya janyewa da rani."

Daga bayan ƙyaure Inna ta ce, "A gaya masa kowane ruwa da raninsa."

Na yi dariya a ciki na ce to.

A ajin farko malaminmu, wani dogon Bayarabe mai son zolaya, ya tambayi wanda bai taɓa ganin teku ba. Ni kaɗai na ɗaga hannu. Da Asabar ta zo ya ɗauke ni a motarsa har bakin ruwa. Na tsaya nesa a kan yashi ina neman ɗaya gaɓar, kamar yadda kowane ɗan garinmu zai yi, ban same ta ba. Na tsorata, amma wallahi a ranar na kamu da son abin. Na shiga karatun da zafina: dalilin gishirinsa, yadda wata ke jan sa ya cika ya koma, duhun da ke can ƙasa inda rana ba ta kaiwa. Sai malam ya sanar cewa bayan hutu kowa zai shiga jirgin ruwa mu je ɗibar ruwan gwaji a tsakiya, wanda ba zai je ba ya nemi wani fannin tun da wuri.

Zan iya shiga jirgin in yi shiru, babu wanda zai kai labari Sara. Amma mu ba a haife mu mu taka inda uwa ta hana ba, kuma ina tsoron ruwan da babu albarkarta a ciki. Na kuma san in ta ce a'a, karatun teku ya ƙare.

Na zo hutu rani ya kama, koginmu ya zama yashi, jakuna na ratsa shi. Na kawo ruwan teku a kwalba na miƙa wa Gwaggo a tsakar gida, Inna na gefe tana tankaɗe, ta ba mu baya. Na faɗi komai da ƙarfi yadda za ta ji: ruwan yana nan cike yanzu haka, haka yake tun da Allah ya yi shi, kuma za a sa ni a kansa.

Gwaggo ta ɗanɗana ta tofar. "Wannan ai miya ce aka cika wa gishiri." Ta miƙa wa Inna. Inna ta ɗiga a tafin hannu, ta lasa, ta daɗe tana kallon hannun, sannan ta ci gaba da tankaɗenta. Har hutu ya ƙare ba ta aiko da ko kalma ba. Tuwo na zuwa, nama na zuwa, amsa babu. Na fara saƙa yadda zan gaya wa malam na haƙura, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Ranar komawa da safe na ɗauko akwatina zan bi motar kasuwa zuwa Birnin Kudu, daga can Kano, in hau jirgin ƙasa. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na yi sallama, na juya ina jiran Gwaggo ta zo ta karɓo mini addu'a kamar kullum. Sai Inna ta fito da kanta, rungume da goran Kawu. Ta wanke shi, ta shafe shi da mai, ta ɗaura masa sabuwar igiya.

A jirgin ruwan makarantarmu akwai rigunan da ke hana mutum nutsewa, an nuna mana su. Ban gaya mata haka ba, kuma na san dariyar da 'yan ajinmu za su yi mini, sun kuwa yi ta har suka gaji.

Ba ta dubi bango ba, ba ta nemi Gwaggo ba. Ta ɗora mini goran a hannu, ta dube ni cikin ido.

"Kai," ta ce, "kada ka bar shi a gida."