Wayar da Na Ƙi Yankewa

Ko na manta komai na noman rani, ba zan manta yadda rowata ta kusa kashe mini dashen tumatir ba. A fadamarmu ce kusa da Malumfashi, shekarar da na fara ban ruwa da famfon lantarki.

Na sayo doguwar waya siririya. Daga janaretan da ke ba famfon wuta zuwa bakin rijiya bai fi taku ashirin ba, amma na ƙi yanke ta. A gidanmu ba a yanka igiya, rarar naɗewa ake yi don wata rana. Haka na yi wa wayar, na naɗe sauran a gindin mangwaro. Famfo ya yi ta gurnani, ruwa kuwa kamar na bakin buta. Kwana uku ana haka, dashe duk ya langaɓe, hankalina ya tashi ƙwarai.

Rana ta huɗu kawuna ya biyo ta gonar. Ya daɗe yana gyaran wuta a gidan gurzar auduga a Funtua. Bai ko kalli famfon ba, wayar ya bi da ido har gindin mangwaro.

Ya ce, "Zo taɓa nan, ɗan nan."

Na taɓa naɗin, na janye hannu da sauri. Ya yi zafi sosai.

"Ga inda wutarka take zama," in ji shi. "In ka sako ruwa ta doguwar hanya matsattsiya, nawa ke isa kuyyar shuka ta ƙarshe?"

Na ce, "Kaɗan, Kawu."

"To haka wuta take. Janareta turawa yake yi, kuma ƙarfin turinsa bai canza ba. Waya kuwa turjiya take yi, iya tsawonta da sirantarta iya turjiyarta. In turjiya ta yi yawa, abin da ke gudu ya ragu, ƙarfin ya ƙare a ɗumama waya."

Ya miƙo mini wuƙa. Wallahi sai da na ji zafin yanka sabuwar waya. Na yanke, muka riɓa ta biyu don ta yi kauri, muka haɗa. Ruwa ya yi tsalle har ya jiƙa masa wando.

Kuyya huɗu na can ƙarshe ba su tashi ba, sauran sun farfaɗo. Tun ranar na gane ba kowace rara ce ajiya ba. Wadda nake ta lallaɓawa a gindin mangwaro, ita ke shanye mini ruwa.