Bambar Motata da Abokin Yaya

Shekara huɗu na yi ina tara kuɗi kafin na sayi motar. Ƙarama ce, ta hannu, ruwan toka, amma ni da kaina nake wanke ta duk Asabar. Ungozoma ce ni a Birnin Kudu, kuma motar ce ta raba ni da tsayuwa bakin titi da farin kaya ina jiran ɗan acaɓa.

Wata Juma'a cikin kaka na je Farin Dutse gaida Inna. Na ajiye motar a gindin darbejiyar ƙofar gida. Muna tsakar gida muna ɓarar gyaɗa sai muka ji ƙum! Ko takalmi ban tsaya sakawa ba. Ashe yayana ne ya dawo daga gona da amalanke shaƙe da damman gero. Ya zo juya shanu, ɗaya ya tirje ya ja da baya, ƙarfen amalanken ya shige bambar baya. Gefen dama ya lotsa har dunƙulen hannu zai shiga, ga kuma tsagewa ta kai tsawon taƙi.

Yaya ya durƙusa ya daɗe yana shafa wurin. Sannan ya ce, "Auta, ni na ɓata, ni zan gyara. Kada ki ce komai."

Da na koma ciki, Inna ta ja ni ɗaki ta rage murya. "Kada ki yarda ya kashe kuɗinsa. Riɗin da ya samu bana, na rufin ɗakinsa ne."

Na ce, "To, zan gaya masa ya bar shi."

"A'a! Sai ya ce kin raina shi don ba ya aikin albashi."

"To Inna, yaya zan yi?"

"Oho. Ba ke kika yi boko ba?"

Da na dawo gida na nuna wa maigidana. Ya leƙa sau ɗaya ya ce, "Tana tafiya dai? To mene ne?" Shi babur ɗinsa ma da igiyar roba ya ɗaure fitilarsa, ban san me ya sa na tambaye shi ba.

Washegari na kai ta wurin wani mai gyaran jikin mota a garinmu Birnin Kudu. Ya duba, ya ƙwanƙwasa, ya ce bambar roba ce, kuma tunda ta tsage, ko an turo ta an shafe, tabon zai fito. Gara a aika Kano a kawo wata ta hannu mai launi ɗaya. Na auna albashina na ga zan iya idan na haƙura har ƙarshen wata. Na yanke shawara ke nan, sai ga kiran Yaya.

"Kada ki kai wa kowa. Ina da aboki a Gwaram, tun muna yara babu abin da ba ya haɗawa. Na riga na yi masa magana."

Na ce, "Yaya, gyaran mota yake yi?"

"Shi ya ƙera min amalanken."

Na yi shiru. Ya ɗauka amincewa ce.

Zuwana na farko ban same shi ba, ya tafi ta'aziyya. Na zauna kan benci tsakanin ƙofofin ƙarfe da tagogi har la'asar, na juyo. Zuwa na biyu na same shi, dattijo mai fara'a, da baƙin gilashi a goshi. Ya zagaya motar ya ce, "Hajiya, wannan ai ba aiki ba ne." Ya sa aka tafasa ruwa a tukunya, ya kwarara wa bambar, ya kwanta ƙarƙashi ya sa taɓarya ya tura. Taɓarya fa, wadda aka aro daga gidan maƙwabta! Lotsawar ta fito, har ta zarce, ta zama ƙullutu. Tsagewar kuwa, ya zafafa ƙusa ya huda ramuka gefe da gefe, ya ɗinke da waya. Ni da nake ɗinke mutane kullum, ina tsaye ina kallon wannan ɗinki, Yaya kuma yana gefe yana ta "Madalla, madalla."

Zuwa na uku na fenti ne. Da ya buɗe gwangwanin na ce, "Baba, wannan ai shuɗi ne."

"Toka ce, Hajiya. Sai ya bushe yake nuna kansa."

Ya bushe, ya nuna kansa: shuɗi, irin na ƙofar shago. Yaya ya sallame shi da tiya biyar ta riɗi, suka yi musabaha, kowa na murna. Man da na ƙona a zirga-zirgar nan uku kaɗai ya isa ya sa na yi kuka, amma na daure na ce na gode.

Mako uku na yi ina yawo da ita haka. A wurin aiki nakan manna bayanta da katanga, duk da haka sai da wata abokiyar aikina ta hango ta ce, "Wa ya yi wannan ɗinkin? A cire zaren ranar Litinin." Kowa ya kwashe da dariya, ban da ni.

Ana yin albashi na koma wurin mai gyaran garinmu. Ya kalli ɗinkin, ya kalle ni, Allah ya saka masa, bai tambaya ba. Kwana huɗu aka kawo wata bambar daga Kano, ya ɗaura, sumul kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Maigidana kaɗai ya sani.

Da ƙaramar Sallah muka je gida. Ina fitowa daga mota Yaya ya nufi bayanta. Ya shafa, ya sunkuya, ya ja da baya ya ƙare mata kallo. Sai ya tafa hannu. "Ban gaya miki ba? Ya ce sai fentin ya zauna! Ko ɗinkin ya haɗe!" Na buɗe baki, Inna ta zuba min ido daga bakin zaure, na rufe. Ranar duk wanda ya zo yawon Sallah sai da Yaya ya kai shi ya ga aikin abokinsa.

Bayan wata biyu, ina fitowa daga ɗakin haihuwa aka ce wani na nemana. Direba ne mai jigilar fasinja tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, ɗan unguwar su Yaya. Ya gaishe ni da ladabi, ya ja ni wurin motarsa. Fara ce, amma gabanta shuɗi, ga ɗinkin waya reras.

"Hajiya, yayanki ne ya tura ni wurin abokinsa, ya ce naki ma haka ya fara. Yau sati shida. Wai ke naki kwana nawa ya yi kafin ya zauna?"

Na dai shiga motata na ce ya biyo ni, na kai shi wurin mai gyaran garinmu, na gaya masa gaskiya a can. Ya yi salati ya fi sau uku. Na roƙe shi don Allah kada maganar ta kai kunnen Yaya, ya ce shi yanzu ba wannan ne a gabansa ba. Na bar su suna ciniki, na koma bakin aiki, akwai mata biyu suna naƙuda.